Motar da Ba Ta da Baya

Ranar da Mahamud ya shigo garejina a Madawa ya ce in wanke hannu in raka shi Ƙonni ganin mota, har na ji daɗi a raina. Na ce to, yau dai mutumin nan zai rabu da tsohuwar bashensa, ƙaramar motar kayan nan mai buɗaɗɗen baya da ta cinye mini ƙuruciya. Babu ƙarfen da ban taɓa kwancewa ba a cikinta.

Sunana Emmanuel. A Galmi na tashi, kusa da asibitin mishan inda mahaifina ya yi aiki, a can kuma na koyi gyaran mota. Mun san juna da Mahamud tun yana ɗaukar buhun albasa a ka, ni ina wanke kayan aikin maigidana. Yanzu shi ke loda manyan motoci zuwa Gana da Abijan, amma har gobe sai ya kai takalmi a yi masa faci, har facin ya fi takalmin yawa. Shi ya sa duk hanyar Ƙonni ina lissafin ko kamiyo, babbar motar kaya, zai saya, ko wata doguwa mai ƙafa huɗu da za ta iya hanyar ƙauyensu.

Mai sayar da motocin wani saurayi ne, Nazir, mai baƙin gilashi da turare kamar da bokiti aka zuba masa. Ya wuce da mu gaban duk motocin kirki, ya kai mu can ƙarshen fili, ya yaye wani tamfal.

Na daɗe ban ga abin da ya ba ni haushi irin motar nan ba. Ja ce wur, ƙirar Jamus, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta a ƙasa kamar ƙadangare ya kwanta a kan dutse. Tsayinta bai kai ƙuguna ba. Rufinta na yadi ne, ana danna wani abu ya naɗe kansa ya koma baya.

"Patron," in ji Nazir, "wagga ba mota ta ba, jirgi na. Okaziyo ta, wato ta hannu, amma wani likita yab bi da ita can Turai, bai taɓa sa ta ga rami ba."

"To ga ramu nan sun taru suna jiranta," na ce.

Na ɗauka wasa ne. Da na ga Mahamud ya durƙusa yana leƙa cikinta, sai na tuɓe riga na shiga ƙarƙashi da niyyar nemo mata aibu. Na duba mai, na saurari inji, na shinshina hayaƙi, na bi fentin da yatsa ko an taɓa buge ta an shafe. Abin takaici, lafiyarta ƙalau. Injin yana gurnani a hankali, ko tari babu. Wanda ya ƙera ta ya san aikinsa, ƙasarmu ce dai bai sani ba.

Na ja Mahamud gefe. "Alhaji, lahiyarka? Ina za ka sa buhu? Ina za ka sa matarka Fiddausiya da ɗiyanku? Sansin kwalba, man bakin hanya da muka sha nan, rana guda shina kashe ta. In ta yi pan ta lalace, ko Yamai ba a samun kayanta. Kuɗin ga sun isa kamiyo!"

Bai ko kalle ni ba. Ya juya wajen Nazir. "Bayan kujerun ga, babu wani wurin zama? Ko ƙarami?"

Nazir ya zaci ƙorafi ne, ya yi maza ya nuna wata shuɗiya da ke gefe, mai 'yan kujeru ƙanana a baya. Mahamud ya girgiza kai tun bai ƙarasa ba. Ya sa aka buɗe akwatin kayan jar, ya auna shi da hannu, ya ga ko ɗan akuya ba zai zauna ciki ba. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Ita nika so," ya ce.

Ko cinikin kirki bai yi ba, shi da yake share wuni yana jayayya a kan buhun albasa guda. Da aka gama takardu na miƙa hannu zan buɗe ƙofar dama in ji yadda kujerar take, ya riƙe mini hannu.

"Manu, yi haƙuri. Ba mai zama nan tukuna."

Haka muka kamo hanya, shi a gaba cikin jar motarsa yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ni a baya cikin bashe ina ta zaginsa ni kaɗai. A Galmi muka tsaya shan shayi. Na ce masa wallahi ba zan tashi daga bencin nan ba sai ya gaya mini abin da ya shiga kansa.

Ya juya kofi a hannu. Sannan ya ce, "Ka taɓa ganin Baba gaban mota?"

Na buɗe baki zan ce sau nawa, sai na rufe. Na san mahaifinsa Baba Jima, Allah ya ji ƙansa, fiye da shekara ashirin. Na gan shi a kan jaki, na gan shi a bayan bashe a kan buhuna, malafarsa a ka, yana riƙe da ƙarfe. A gaba kam ban taɓa ganinsa ba.

Ƙauyensu, Tungar Aduwa, yana cikin kwarin Tama. A zamanin kakanni masu raƙuma daga arewa ne ke da ƙasar, manoma na ƙarƙashinsu. In ɗan gidan masu raƙuma ya tunkaro, manomi kan sauka daga jakinsa ya koma gefen hanya har ya wuce. Wannan mulki ya ƙare tun ba a haifi Mahamud ba. Amma Baba Jima ya ga mahaifinsa yana sauka, abin kuma ya zauna masa a gwiwa. Mahamud zai sa shi a gaban bashe, ya rufe ƙofa da kansa. Kafin su fita gari wani ya ɗaga hannu, don a wajenmu mai mota ba ya wuce ɗan garinsu a tsaye. Ko liman ne, ko ƙanen maigari, ko malamin makaranta da bai kai jikansa ba, Baba Jima zai buɗe ƙofa ya sauka ya haye baya. Ba a roƙonsa. Tsayawa kawai ake yi kusa da ƙofar.

"Bara da anka yi mai aikin ido nan Galmi," in ji Mahamud, "muna komawa gida, hilasta ga idonai, likita yac ce kar ƙura ta taɓa shi. Sai ga Alhassan bakin hanya."

Alhassan jikan masu raƙuman ne, sa'an Baba Jima, tare suka yi ƙuruciya. Ba shi da raƙumi ko ɗaya yanzu, sai 'yan awaki da rawani. Ba mugu ba ne, shi ma abin da ya tarar ke nan.

"Yat tsaya bakin ƙohwa. Baba yas sauka, da hilastarshi, yah hau bisa buhuna cikin rana. Ina tuƙi ina kallonai ga madubi, ya rufe idon da hannu. Manu, ban iya yi ma ubana tsawa. Ban iya wuce mutanen gari. To na samo motad da ba ta da baya. In ya shiga ta cika, ba mai tsai da mu. Kuma ba wanda ka amsar kujera shi bar tsoho tsaye bisa hanya."

Na ce wannan ita ce dabara mafi tsada da wauta da na taɓa ji. Na faɗa ne ina kallon wani gefe, don idona ya kawo ruwa kuma ba na so ya gani.

Madawa ta samu abin magana. Kafin sati ya zagayo an raɗa wa motar suna Jangwada. 'Yan kasuwar albasa suka ce Alhaji ya samu taɓin hankali, wasu suka ce aure zai ƙara. Mahamud mutum ne mai jiki, shigarsa motar sai ya naɗe kamar tabarma, fitarsa kuwa sai ya dafa ƙasa da hannu. Masu shayin bakin tasha har kujera suke gyarawa su kalli fitar. Duk ɗan tudun rage gudu da ke kan kwalta sai ya hau shi a karkace, cikin motar na kuka, ni ma cikina na kuka. Fiddausiya kuwa, da ta ji ko ita ba za ta zauna a kujerar ba, ta daina yi masa magana sai ta bakin yara. Bai gaya wa kowa dalili ba, ni ma ya hana ni.

Na roƙe shi ya bari sai bayan damina. Ya ce tsohon ya fara rama, tun azumi ba ya cin abin kirki, ba zai jira kaka ba. Na ce to bari in bi shi da bashe, da katakai da igiya. Ya ce in bashe ta je, a bayanta Baba zai ƙare. Dole na hau babur.

Mun fita da sassafe, kwana kaɗan bayan ruwan farko. Da muka bar kwalta muka hau jar hanya, tafiyar ta koma ta hawainiya. Ina gaba ina nuna masa inda zai sa taya, in sauka in kawar da dutse, in koma. Wata tsohuwa a kan jaki ta wuce mu, ta yi mana sannu, muka sake tarar da ita ta tsaya hutawa, ta sake wuce mu.

Duk wannan mun yi tsammaninsa. Abin da Mahamud ya manta, shi da aka haifa a wurin, ita ce ƙoramar da ke gaban garinsu. Shekara da shekaru yana tsallake ta da bashe har ya daina ganinta. Ruwan farko ya zaftare gaɓar, ya bar gangara mai tsayin gwiwa, sai yashi mai laushi har ɗaya gefen. Na sauka na taka, na dawo na gaya masa gaskiya. In Jangwada ta sa hanci a nan, sai dai a fitar da ita gunduwa-gunduwa.

Ga garin can muna hangen rumbunansa. Mahamud ya fito, ya dafa ƙasa, ya miƙe, ya tsaya yana kallon yashin. Ya so ya tsaya a ƙofar gidan ubansa ne, gari duka na gani. Ban taɓa jin tausayin mai kuɗi irin na ranar ba.

Ba mu je gari ba, garin ne ya zo mana. Masu shuka suka ajiye ƙwarya, mata suka bar turmi. Aka kewaye motar ana taɓawa, ana leƙa fuska a jikin fentin. Delu, yayar Mahamud, wadda ke kula da tsohon, ta zagaya ta sau ɗaya ta riƙe haɓa.

"Mamudu, ina sauranta? Ko rabi anka saida maka?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya tambaya ko tana girma in an ba ta abinci. Mahamud kuwa idonsa na kan hanyar gari.

Can sai ga Baba Jima yana gangarowa da sanda, malafa a ka, rigar gona a jiki. Ya rame ƙwarai. Ya ƙi a riƙe shi, ya ratsa yashin a hankali, mutane suka buɗa masa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Manu, kai ma da kai anka yi wagga ɓarna?" Na ce wallahi na hana.

Ya ɗora tafin hannu a kan motar kamar yadda ake taɓa sabon sa. Ya yi addu'a, Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya, aka shafa. Sannan ya leƙa ciki.

"Ina mutane ka zama?"

"Mutum guda ta ka ɗauka, Baba," in ji Mahamud. "Taka ta. Ba wanda yat taɓa zama nan. Kai nika jira."

Tsohon ya kalli kujerar, ya kalli bayanta inda babu komai, ya kalli ɗansa. Ya gane. Na ga lokacin da ya gane. Delu ma dariyarta ta tsaya.

Mahamud ya naɗe rufin don kada tsohon ya sha wahalar sunkuyawa. Muka kama shi ni da Delu, gwiwoyinsa na ƙara, muka zaunar da shi sannu a hankali. Kujerar ta karɓe shi. Ya ajiye sandar tsakanin ƙafafunsa, ya gyara malafa. Mahamud ya rufe ƙofar da hannu biyu, ya zagaya da sauri kamar yaro.

Bai kai ga tasa ƙofar ba muka ji ana cewa a ba da hanya.

Amalanken jaki ne ke ratso yashin, wani magidanci na jan jakin da gudu. Abdurrazak ne, babban ɗan Alhassan. A kan amalanken Alhassan ne kwance a kan tabarma, ya dunƙule, rawaninsa ya warware. Tun jiya fitsari ya ɗauke masa, mararsa ta kumbura, yana nishi kamar ransa zai fita. Motar haya ba ta shigowa sai ranar kasuwar Tama. Sun ji an ce mota ta zo bakin ƙorama, ba wanda ya gaya musu irin motar.

Abdurrazak ya tsaya turus da ya gan ta. Ya duba baya, babu baya. Sai ya yi abin da ya ga ana yi tun yana yaro, ba da wata mugunta ba. Ya zo ya tsaya kusa da ƙofar da Baba Jima yake, yana jira.

Na ce a ɗora mini maras lafiyar a babur. Kowa ya san maganar banza ce, mutumin ko zama ba ya iyawa. Mahamud ya tsaya riƙe da makulli, fuskarsa ta yi fari. Ya san dole a kai Alhassan asibiti, ba ya cikin masu barin mutum ya mutu don kujera. Amma da ya ga hannun ubansa ya tafi wajen mabuɗin ƙofa, sai da ya ce, "Baba," can ƙasa, kamar wanda aka taka.

Hannun ya kai kan mabuɗin. Ya tsaya a nan. Sannan Baba Jima ya janye shi, ya ɗora a kan sandarsa, ya miƙe wuya yana kallon gaba ta gilashi.

Ba a daɗe ba, amma ni na ji kamar an shekara. Abdurrazak ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. Tsohon bai waiwaya ba. Ina kusa da shi, ina ganin yadda ya damƙe sandar. Mutumin da bai taɓa barin kowa ya jira shi ba, ga shi ya zauna, duk jikinsa na son tashi.

Alhassan ne ya yi magana. Ya ɗaga kai da ƙyar daga tabarmar.

"Jima." Ya numfasa. "Motar ɗanka ta. Wurinka na. Roƙonka nika yi, don Allah, ka ara min."

Sai a lokacin Baba Jima ya juyo. Ya kalli abokin ƙuruciyarsa, idonsa ya cika.

"Na ba ka, Alhassan," ya ce. "Ku tashe ni. Ku kawo shi nan, ku sa shi wurina. A hankali, ku kwantar mai da kujerar. Mamudu, mi kaka jira? Baƙona na, ka kai shi lahiya."

Muka ɗaga wannan tsoho muka sa wancan. Buɗaɗɗen rufin da na raina shi ya taimake mu, ta sama muka saukar da Alhassan kamar jariri. Baba Jima da kansa ya naɗe masa rawanin ya tura masa ƙarƙashin kai. Na ɗauki Abdurrazak a babur, muka juya.

Ban san yadda Mahamud ya yi da hanyar ba. Na dai ji cikin motar na gurzar ƙasa bai tsaya ba, shi da ɗazu yake sauka don tsakuwa. Da muka hau kwalta kuwa ya ɓace mana. Kafin mu isa asibitin Madawa har an shiga da Alhassan an sa masa roba, fitsarin ya zubo, yana ta hamdala. Ranar ce kaɗai na ga amfanin gudun Jangwada.

Na tarar da Mahamud zaune a gindin bishiyar bedi, ya haɗa kai da gwiwa. Ƙasan motar ya kwarzane, wata roba na lilo, bai ko duba ba.

"Ka gani, Manu? Ko da ba ta da baya, sai da yas sauka."

"Ya sauka," na ce. "Amma ka taɓa jin an roƙe shi?"

Ya share fuska da hannun riga. Na ɗaure robar da waya, muka sha ruwa, ya yi azahar, muka sake kama hanyar.

Da la'asar muka iso ƙoramar. Mutane duk sun watse, sai mutum biyu a gindin aduwa. Delu ce da kwanon fura, da Baba Jima zaune a kan tabarma. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, har da turare.

"Ya ƙi komawa gida," in ji Delu. "Nan yas sa anka kawo mai riga, nan yay yi salla. Wai kar mota ta dawo ta iske ba shi nan."

Ya fara tambayar jikin Alhassan. Da ya ji da sauƙi ya ce alhamdulillahi, gobe zai je dubiya, yau a gidan ɗansa zai kwana. Sannan ya miƙa mana hannuwa biyu. "To, ku sa ni."

Mahamud ya so ya rufe rufin saboda ƙura, tsohon ya hana. Ina binsu a baya a kan babur, ba abin da nake gani sai malafa da kafaɗun farar riga. Ba mu yi nisa ba sai ga ƙanen maigari a bakin hanya da jakarsa, ya ɗaga hannu tun daga nesa. Na ga kafaɗar tsohon ta motsa, hannunsa na dama ya sauka wajen ƙofa. Sai hannun ya sake tasowa sama, ya buɗe, ya ɗaga wa mutumin gaisuwa. Suka wuce. Ni na tsaya na ba ƙanen maigari haƙuri, na ce motar ta cika.

A bakin kwalta suka jira ni. Na tsaya daidai ƙofar tsohon. Ƙura ta yi masa fari a gira, idon da aka yi wa aiki na ta ƙyalli.

"Manu," ya ce, "ashe hakanga hanya taka zuwa? Itace na taho ma mutum, gari na taho mai. Ni tun da nike, bayanta ɗai ni sani. Kullum ina kallon abin da munka bari."

Mahamud ya juya fuska wajen gonaki.

"An ce tana gudu," in ji tsohon.

"Tana yi, Baba."

"To mu gani."

Rana ta yi ja, kwaltar babu kowa sai wata kamiyo can nesa. Mahamud ya taka. Injin nan da ya wuni yana gurnani a ƙasa ya buɗe murya, motar ta zabura, na ji ihun tsohon, ban san ko salati ba ne ko dariya. Na murɗa babur iya ƙarfinsa, suna ta ƙanƙancewa a gabana.

Iska ta ɗauke malafar. Ta yi sama, ta juya, ta faɗo tana gangarawa a kan kwalta har gaban tayata. Malafar da ya yi shekaru yana dafewa da hannu a bayan bashe. Na tsaya na ɗauka, na kaɗe ta, na ɗaga kai ina jiran in ga jan fitilar birki.

Ba su tsaya ba. Ina hangen farin kansa har suka sha kwana, ko waiwayowa bai yi ba.